Muzurun Sista da 'Yan Tsakin Maigidana

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure kada ki yi mini dariya in kin ji abin da ya kawo ni. Na san masu rubuto miki manyan matsaloli suke kawowa, na aure da na gado, ni kuwa maganar muzuru da 'yan tsaki na kwaso. Amma wallahi abin ya hana ni sukuni, har ɗinkin mutane nake ɓatawa. Shekaranjiya hannun riga na haɗa a baibai, ban lura ba sai da mai kayan ta zo gwaji.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kekena yana falo kusa da tagar da ke kallon bayan gida. Maigidana direban babbar mota ne, ko in ce da can direba ne, domin bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, harshe ya yi nauyi. Mutumin da in ya yi dariya sai an ji shi a bakin titi, aka dawo mini da shi daga asibiti ya juya fuska bango, ko ruwa sai na yi ta lallashi kafin ya karɓa. Yaranmu duk sun yi aure suna nesa, suna iya bakin ƙoƙarinsu, Allah ya yi musu albarka, amma dai ni da shi ne a gidan.

To a nan maƙwabciyata ta shigo. Katanga ɗaya ta raba mu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata, har na kusa manta sunanta na gaskiya. Anti, matar nan ta yi mini rana. Ba wanda ya aike ta, ba wanda ya roƙe ta. Kullum da hantsi sai ga ta da ɗan tawul a kafaɗa da kwalbar man shafawa, ta zauna ta yi ta murza masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana yi masa faɗa kamar ƙanenta. In ya ƙi, ta ce ita ta ga masu taurin kai da suka fi shi, kuma duk sun miƙe. Ita ta koya mini yadda zan ɗaga shi ba tare da na karya bayana ba. Ran da na fashe da kuka a kicin, ita ta rufe ƙofa ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo mini ruwa. Na taɓa ɗinka mata doguwar riga na kai mata, ta karɓa ta yi ta godiya kamar ni ce na yi mata wani abu. Har gobe ban san da bakin da zan gode mata ba.

Ita ce kuma ta kawo kazar. Wata rana ta shigo da ita a hammata, wata ja mai faɗan tsiya, ta ce daga yau Direba ya samu aiki. Muka fitar da kujerarsa bayan gida ƙarƙashin rumfa. Ta ɗora masa wani tsohon kwanon silba a cinya, ta cusa masa cokali a hannun da ya shanye, ta ce ya buga ya kira kazarsa, in bai buga ba kaza ta kwana da yunwa, alhakin a wuyansa. Da farko cokalin faɗuwa yake yi, sai na ɗinka masa wani ɗan maɗauri na roba da ke riƙe shi a tafin hannu. A hankali a hankali sauti ya fara fita. Ran da kazar nan ta ji bugun ta sheƙo a guje tana tangal-tangal, maigidana ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin ciwon. Na tsaya a taga da almakashi a hannu ina hawaye. Daga nan muka ƙara kaji biyu da zakara, shi ke kiran su, shi ke watsa musu dusa, kuma da wannan hannun yake yi.

Yanzu sai Manaja. Manaja muzurun Sista ne, wani ƙato mai ruwan toka, ta sa masa sunan ne don ba ya aikin komai sai zama a kan kujera yana kallon masu aiki. Tun yana ɗan mitsitsi ta tsince shi a cikin kwata, ta shayar da shi madara da sirinji. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa kamar nawa, shi kaɗai take da shi a gidan. Ina jin ta ta katanga tana ba shi labari, tana tambayarsa ra'ayinsa. Ni ma ba na ƙin sa, kar ki ce. Da aka yi wa Sista aikin ido ta tafi jinya gidan 'yarta, ni ta bar wa amanarsa, kuma na yi murna, ko ba komai na samu abin da zan yi mata. Sai ya ƙi cin abinci a gidansu shi kaɗai, ya yi ta kuka. Na ce to shi ke nan, ya riƙa ci a wajenmu. Da safe in maigida ya buga kwano kaji sun taru, sai in ajiye wa Manaja kan kifinsa a gefen rumfa, kowa ya ci nasa. Lokacin babu 'yan tsaki, manyan kaji ne kawai, jar kazar nan ma har korar sa take yi yana gudu, maigida yana ta ƙyaƙyatawa. Da Sista ta dawo ta same shi ya yi ƙiba, ta yi ta sa mini albarka, ya koma gidansu, na ce an rabu lafiya.

Ashe ba a rabu ba. Kwanakin baya jar kaza ta ƙyanƙyashe guda tara. Ki zo ki ga maigidana, har sunaye ya raɗa musu irin na motoci, akwai Tirela, akwai Tifa, akwai wani ɗan ƙarami mai saurin tsiya da yake kira Ɗan Acaɓa. Faɗin sunayen nan ya sake masa harshe fiye da duk wani magani. Yanzu saura huɗu.

Na farko da ya ɓata na ɗora wa shaho. Na biyu na ce ɓera ne. Na uku kuwa da idona na ga wutsiya mai ruwan toka tana haurawa katanga. Na kife su da kwando, ya zura hannu ta ƙasa. Na ɗauko tsohon gidan sauro na ɗinka musu rumfa mai kyau har da zif, ya keta ta kamar takarda. Na watsa masa ruwa, ya girgije ya dube ni kamar na taɓa manajan gaske. Abin da ya fi ɗaure mini kai, Anti, ya san lokaci. Duk wuni ba za ki gan shi ba, amma maigida yana fara ba su abinci sai ki ga kunnuwa a kan katanga. Na canza lokacin, na mai da shi da rana tsaka, na mai da shi yamma, duk ɗaya. Ƙanen maigidana, wani mai gyaran babur da nake kira Sarkin Gaggawa, ya rantse wannan ba muzurun Allah da Annabi ba ne, wai akwai mai gaya masa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru makon jiya. Ina kan keke na ji bugun kwano, can sai na ji ƙara, sai wani irin ihu da ban taɓa jin ya fito daga bakin maigidana ba. Na fita a guje na same shi a ƙasa, kujera ta kife, dusa ta watse. Manaja ya ɗauke Ɗan Acaɓa a gaban idonsa, shi kuma ya yunƙura zai tashi ya manta ƙafar ba ta ɗaukarsa. Alhamdu lillahi gwiwa kawai ya kuje. Amma da na ɗaga shi, sai ya ce mini, da harshen nan nasa mai nauyi, wai shi da ya yi shekaru yana kai kayan mutane lafiya, yau ɗan tsako ya gagare shi tsarewa. Tun ranar bai sake fita ba. Ya koma ya juya fuska bango, hannun yana kan cinya a dunƙule. Kwanon yana nan a kan taga, ni ma na kasa taɓa shi. 'Yan tsakin da suka rage na kulle su a kicin cikin kwali, suna ta kuka suna ɓata mini wuri.

Sista ta shigo ta tambayi dalilin da ya sa ba ta jin kwano kwana biyu, na ce mura ce ta kama shi. Ta kawo masa magani, Anti. Na karɓa na yi godiya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sarkin Gaggawa kuwa ya zo da maganin ɓera a aljihu, ya ce in ba shi kan kifi ɗaya kawai, gobe war haka an gama, ba wanda zai sani. Na ƙwace na ɓoye, na ce in ya kuskura kada ya sake tako mini gida. Sai ya ce to a kafa fasassun kwalabe a kan katanga. Ya ce wai na fifita muzuru a kan yayansa, maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ni ban fifita ba. Amma ta yaya zan dubi idon matar da ta miƙar mini da miji, in ce mata abin da take ƙauna a duniya shi ne ya sake kwantar da shi? Na san halinta, in ta ji, tana iya sa Manaja a buhu ta bayar da shi don kunya, ta zauna a gidan nan ita kaɗai babu mai ko amsa mata da miyau. In kuma na yi shiru, ina kallon hannun da aka sha wahala a kansa yana komawa. Ko in sayar da kajin ne kowa ya huta? Ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Na gode da karanta wannan dogon surutu, Allah ya saka miki da alheri.

Taki,
Tela mai nauyin baki

AMSA

Ƙanwata Tela, ban yi dariya ba, sai dai a wurin gidan sauro mai zif, wannan kam na murmusa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka wa Sista da mafificin alheri. Irin wannan maƙwabciya ba kowa ke samu ba, kuma na ji daɗi da kika san darajarta.

Bari in fara da Sarkin Gaggawa, tunda shi sauri yake yi. Ki gaya masa Manaja ba aljani ba ne, amma ya yi gaskiya da ya ce akwai mai gaya masa. Koma ki karanta wasiƙarki. Lokacin da Sista take jinyar ido, me Manaja yake ji kafin a ajiye masa kan kifi? Bugun kwano. Makonni kina koya masa cewa in kwano ya yi ƙara, akwai abinci a gefen rumfarku. Ya haddace karatunsa tsaf. Sista ta dawo, ke kin manta, shi bai manta ba. Yana jin kira sai ya hauro, ya duba babu kifi, ga kuma wasu 'yan ƙanana suna tsalle a inda kifin yake zama. Shi ya sa canza lokaci bai yi miki amfani ba, ba agogo yake bi ba. Kada ki ɗora wa kanki laifi a kan wannan, amana kika riƙe kuma kin riƙe ta da kyau.

Maganin ɓeran nan kuwa, kada ya ƙara kwana a gidanki. Ɓoyewa ba ta isa ba, ki mayar wa mai shagon da ya sayar. Ban da alhakin ran dabba, guba ba ta san wanda aka sa ta dominsa ba, kajinku ma za su iya tsattsaga. Kuma Sista ta yi rayuwarta tana ganin marasa lafiya, kallo ɗaya za ta yi wa muzurunta ta san abin da ya ci. Fasassun kwalabe su ma a bar su, yanka za su yi ba tsaro ba. Kajin kuma ba za a sayar ba, su ne maganin maigida.

Tsaron gaskiya a wajenki zai fara, domin ko an ɗauke Manaja yau, unguwa ba ta rasa wani muzurun, ga shaho ga ɓera. Ki sa Sarkin Gaggawa ya huce fushinsa a kan katako da ƙusa. A yi akurki da ragar waya mai ƙananan ido, wadda hannun kyanwa ba zai shiga ba, a rufe shi ta sama da ta ƙasa, ba gefe kaɗai ba. A ɗora shi a kan ƙafafu daidai tsayin kujerar maigida, yadda zai zuba dusa yana zaune ba sai ya sunkuya ba, a sa masa sakata mai sauƙi da zai riƙa buɗewa da hannun daman nan. 'Yan tsaki su zauna ciki da uwarsu har sai sun yi gashi sun kai girman tattabara. Kuma a fito da maigida ya zama shi ne mai duba aikin. Direban babbar mota ya san ɗaurin kaya fiye da mu duka, a bar shi ya nuna inda ƙusa ta karkace, ya yi wa ƙanensa faɗa. Daga yau kuma ko ƙashin kifi kada a bar wa Manaja a gidanku.

Sai babbar maganar. Na fahimci nauyin da kike ji, kuma tsoronki ba na banza ba ne, mai yiwuwa Sista ta ce za ta bayar da Manaja. Amma ki duba ta ɗaya gefen. Mai dabba yana da hakkin ya san abin da dabbarsa take yi a gidan mutane, kuma yana da nauyin tsare ta. Sista ba yarinya ba ce da za a ɓoye wa magana. Ta zo da ƙafarta ta tambaye ki kwano, wato kullum tana kasa kunne ta katanga tana auna hannun majinyacinta. Kin ce mata mura ce, ta tafi tana maganin abin da babu shi, ciwon gaske yana kwance a ɗaki. In ta ji daga bakin Sarkin Gaggawa, ko ta ga gashin tsako a ƙofarta ta haɗa lissafi da kanta, abin da zai fi yi mata zafi shi ne kin ɗauke ta baƙuwa. Shirun nan da kike yi don godiya, ita yake cuta.

Ki shiga wajenta gobe da hantsi. Kada ki fara da muzuru, ki fara da Direba. Ki ce ya faɗi, ya daina fita, kin rasa yadda za ki yi, kina neman taimakonta kamar yadda kika saba. Sannan ki ba ta labarin kwano da kan kifi, yadda ku biyu kuka koya wa Manaja hanya ba ku sani ba. Tun kafin ta buɗe baki ki gaya mata cewa in ta bayar da shi kin yi fushi, kuma ba abin da kika zo nema ke nan ba. Abin da kike roƙo kaɗan ne. Lokacin ba kaji abinci ta shigar da muzurun ɗaki ta rufe ƙofa, ta ƙwanƙwasa muku katanga. Maigida ya amsa mata da kwano. Tana jin bugun sai ta ajiye wa Manaja abincinsa a nan cikin ɗakin. Wanda ya iya karatun farko zai iya na biyu, ba da jimawa ba zai gane cewa in kwano ya yi ƙara, gida ake komawa. In ta ɗaura masa 'yar ƙararrawa a wuya ya yi kyau, in kuma ta ga dama ta tambayi likitan dabbobi abin da ke rage wa muzuru yawo, wannan shawararta ce ba taki ba.

Maigida kuma, a gaya masa gaskiya, amma ki bar Sista ta faɗa, ta fi ki iya yi masa faɗa. Yana kwance yana ganin hannunsa bai tsinana komai ba. To a tuna masa ranar da cokali yake zamewa daga yatsunsa, sai an ɗaure masa da roba. Wannan hannun ne yanzu yake buga kwano har muzurun da ke barci a wani gida ya ji ya taso, har tsohuwa mai ciwon ido ta ji shiru ta biyo sawu. Ki sauko da kwanon daga taga ki wanke shi, ki ɗora masa a cinya, Tirela da Tifa suna jiran direbansu.

Allah ya ƙara sauƙi, ya raya sauran huɗun, ya bar ku da Sista katanga ɗaya har tsufa.